Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana: Buta Ɗaya Ta Isa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan ka isa Zariya lafiya, da fatan karatu yana tafiya daidai. Ummanku tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Dalilin wannan takarda hannuwanka ne. Ranar da za ka koma makaranta, da ka miƙo hannu muka yi sallama, na ga bayan yatsunka ya tsattsage, fatar ta yi fari kamar ta mai wankau a tsakiyar hunturu, alhali bazara ake ciki. Kafin nan ma duk gidan mun saba da ƙarar butarka da asuba: ka cika, ta ƙare, ka sake cikawa, har liman ya sallame kana tsugune a bakin rariya. Ban yi maganar a gaban ƙannenka ba don kada ka ji nauyi.

Abin da ke damunka yana da suna. Mu waswasi muke ce masa, likitocin ƙwaƙwalwa kuma OCD. Kusan mutum 2 cikin kowane 100 sukan gamu da shi a rayuwarsu, kuma ya fi farawa a shekarun samartaka irin naka. Da ƙafa biyu yake tafiya. Ta farko tunani ne da ke faɗo maka ba ka gayyace shi ba: anya ruwa ya game gwiwar hannu? Anya ɗigon fitsari bai fito ba? Anya na yi niyya? Ta biyu ita ce abin da kake yi don ƙirjinka ya sassauta: sake wankewa, duba wando, sake kabbara, tambayar wani. Sassaucin yakan zo na 'yan mintuna, kuma a nan ɓarnar take. Duk sanda ka sake wankin, ƙwaƙwalwarka tana ɗaukar darasi cewa da gaske akwai haɗari, kuma maimaitawar ce ta cece ka. Gobe sai ta tayar maka da hankali da wuri, kuma da ƙarfi fiye da na yau. Susar ƙazwa ce: daɗi nan take, miki daga baya. Ma'aunin likitoci shi ne idan abin yana cinye fiye da awa 1 a rana, ko yana hana mutum karatu da harkokinsa, ya zama ciwon da ake nema wa magani. Naka ya wuce nan.

Na san a zuciyarka kana ganin taka-tsantsan ne da addini, don haka bari mu fara daga littafin da ka karanta a zaure. A Ahalari, wajen abubuwan da ke warware alwala, an ce wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta karye wajibi ne ya sake, sai dai in mai waswasi ne, to babu komai a kansa. Kai ka riƙe rabin farko na hukuncin ka saki na biyu. A babin rafkanuwa kuma an ce mai waswasi ya watsar da waswasin, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, ya dai yi sujadar ba'adi, ko shakkar ƙari ce ko ta ragi. Malamanmu na Malikiyya suna kiran irin wannan mutum mustankihi, wato wanda shakka ke zuwar masa kullum ko da sau ɗaya ne a yini. Kai ne wannan mutumin, kuma wannan ne hukuncinka. Ka tuna kuma da hadisin Bukhari da Muslim game da wanda yake jin kamar wani abu ya fita daga gare shi a cikin salla: kada ya juya sai ya ji sauti ko ya ji wari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya yake alwala, ruwan da bai kai lita ɗaya ba. Wanki ɗaya shi ne farilla, uku kuma nan ne iyaka.

Idan har da munanan tunani game da Allah ko addini suna faɗo maka, waɗanda ba za ka iya furtawa ba, wannan ma sanannen reshe ne na ciwon. Sahabbai sun kai irin wannan kuka, aka amsa musu cewa jin girman abin da ƙin furta shi shi ne tsantsar imani. Kada ka yi kokawa da tunanin don ka kore shi. Ka ce wa mutum kada ya tuna raƙumi, ka ga abin da zai cika masa kai.

Abin da malamai suka kira watsar da shakka, likitoci sun tsara shi mataki-mataki, suna kiransa ERP. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Victor Meyer ne ya fara bayyana shi a Landan a 1966, kuma har yau shi ne kan gaba a hanyoyin maganin wannan ciwo. Ma'anarsa ka tunkari abin da ke tayar maka da shakka da gangan, sannan ka ƙi yin abin da ka saba yi don samun sauƙi.

Makon farko kada ka canja komai. Ka sami ƙaramin littafi, ka ja layi uku: me ya tayar da shakkar, me ka yi, minti nawa ya ci. A ƙarshen mako ka fitar da abubuwa kamar 10, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon tashin hankalin da za ka ji in ka ƙi maimaitawa. Wataƙila taɓa mariƙin ƙofar ɗaki ka ci gaba da karatu ba ka wanke hannu ba ya zo a 30, alwala da wanki uku-uku a 45, fita daga banɗaki ba ka duba wando ba a 60, kabbarar harama sau ɗaya tak a 70, yin salla da kayan da ka shiga banɗakin ɗalibai da su a 85. Daga na 30 ko 40 ake farawa. Wanda ya fara daga sama yakan sha wuya kwana biyu ya bari, sannan ya ce ya gwada bai yi ba.

Ga yadda zama ɗaya yake. Ka taɓa mariƙin ƙofar da tafin hannu gaba ɗaya, ba da bakin yatsa ko gefen riga ba. Ka koma kan littafinka. Zuciya za ta buga, hannun zai riƙa yi maka kamar akwai wani abu manne da shi, wani lokaci har da gumi. Ka rubuta makin damuwar duk bayan minti 10. Yawanci takan hau, ta tsaya, sannan ta fara sauka da kanta, ko da yake wata rana za a yi awa guda ba ta sauka sosai ba. Wannan ranar ma ba ta tafi a banza ba, domin ka koyi cewa za ka iya zama da shakka ba tare da ka biya mata buƙata ba. Ka maimaita mataki ɗaya kullum har ya daina yi maka nauyi, sannan ka hau na gaba.

A kan alwala, ka daina yin ta a bakin famfo, domin ruwan da ba ya ƙarewa ba ya nuna maka iyaka. Ka auna ruwa a robar cl 75, ka juye a buta. Gaɓar da ka wuce ka wuce ta. In ruwan ya ƙare, alwala ta ƙare. Bayan tsarki ka tashi, babu matsa gaba, babu tsayuwar jira, babu leƙa wando. In akwai zafin fitsari ko yoyo na zahiri, a gwada fitsarin sau ɗaya a asibiti a rufe wannan babin. Wanke hannu na tsafta kuwa daƙiƙa 20 da sabulu ya wadatar, bayan banɗaki da kafin cin abinci. Ka riƙa shafa basilin da dare har tsagar ta haɗe. Ka lizimci jam'i, saboda bin liman yana ɗauke maka ƙirgen raka'a.

Inda aka fi samun tuntuɓe shi ne maimaitawar da ba a gani. Mutum zai daina sake alwala, amma ya zauna yana bitar ta a zuci, gaɓa bayan gaɓa, ko ya riƙa jera istigfari har sai ya ji tunanin ya goge, ko ya yi wa kansa alkawarin zai rama sallar da dare a ɓoye. Duk wannan ciwon ne ya sake riga. Neman tsari sau ɗaya ya isa, azkar ɗinka na safe da yamma kuma su tsaya a adadinsu. Haka nan gudun abin: jinkirta salla don tsoron alwala, ko ƙin shan ruwa don kada ka shiga banɗaki. Kada kuma ka yi mamaki in shakkar ta bar alwala ta koma kan kulle ƙofa ko takardar jarrabawa. Dokar ɗaya ce.

Sai tambaya, wadda ta shafe mu. Kai malami biyar tambaya ɗaya, ko kwana kana bincike a waya, daidai yake da sake cika buta. Ka zaɓi malami ɗaya, ka gaya masa kana da waswasi, ka karɓi hukunci sau ɗaya ka rubuta. Mu ma a gida mun yanke shawara: in ka bugo kana tambayar ko sallarka ta yi, ba za mu ce ta yi ba, ba kuma za mu ce ba ta yi ba. Za mu ce maka wannan waswasi ne, mu tambaye ka matakin da kake kai. Zai yi maka zafi, Ummanku ma zai yi mata, amma kowace amsa da muka ba ka abinci ce muka miƙa wa ciwon.

Ban so ka yi wannan aikin kai kaɗai. Asibitin Koyarwa na Shika yana da sashen ƙwaƙwalwa, ga kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ka tafi da littafinka, ka ambaci ERP da sunansa, domin hira kawai a kan damuwa ba ta cika taɓa wannan ciwo ba. Yawanci zama 12 zuwa 20 ake yi, amma aikin da kake yi tsakanin zama da zama shi ne mai yawan amfanin.

Likita yana iya haɗa maka da ƙwaya, irin su fluoxetine ko sertraline, wani lokaci clomipramine. Da kaɗan ake farawa a riƙa ƙarawa, kuma wannan ciwo yakan buƙaci adadi mai yawa fiye da na ciwon damuwa: sertraline kan fara daga miligiram 50 ya kai har 200. Likita ne mai ƙarawa, ba kai ko mai kemis ba. Sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ce ya yi aiki ko bai yi ba, alhali tashin zuciya, ciwon kai da rikicewar barci tun makon farko suke zuwa. Shi ya sa da yawa suke jefar da shi a mako na uku, sun sha wahalarsa ba su jira amfaninsa ba. In ya karɓe ka, akan ci gaba aƙalla shekara 1, kuma a hankali ake janye shi, domin yankewa farat ɗaya tana kawo jiri da rashin natsuwa, ciwon kuma yana iya dawowa. Kada ka kuskura ka haɗa shi da tramadol, ko da don ciwon haƙori ne, haɗin yana iya jawo zazzaɓi, karkarwa da jijjiga. Ga masu ƙasa da shekara 25 kuma, makonnin farko kan zo wa wasu da tsananin rashin sukuni ko tunanin cutar da kai. In ka ji haka, ka kira ni ko da tsakar dare ne, kuma ka koma wurin likita a ranar.

Lokacin jarrabawa da ƙarancin barci shakka takan yunƙuro. Ka rage shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari, ka koma matakin da ka riga ka ci ka sake hawa daga nan.

Wannan takardar ka karanta ta sau biyu ka ajiye a ƙasan akwati, kada ita ma ta zama abin da kake komawa kullum neman natsuwa. Na tura maka kuɗin mota da na kati. Ka je asibitin cikin makon nan, ranar Juma'a bayan an sauko zan kira in ji abin da likita ya ce da makin da ka ba mataki na farko.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.