Kafin a biya kuɗin "i7", a tambayi lambar da ke bayansa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da matasan da ke tara kuɗi don haɗa kwamfutar tebur, da iyayen da kuɗin ke fita daga aljihunsu. Ina da shagon buga takardu a Zariya. Shekara 11 ke nan ina buga wa ɗalibai furojet, ina zana katin biki da fosta, kuma kwamfutocin shagon duk ni na haɗa su da hannuna. Ban karanta injiniyanci ba, asara ce malamata.

Ɗan yayana ne ya sa na ɗauki alƙalami. A wurina ya koyi zane da CorelDraw, da hannunsa ya faɗa sai mahaifinsa ya sayar da masara ya ba shi kuɗi ya haɗa tasa. Ya dawo daga kasuwa baki har kunne, ya miƙo mini waya in ga hoton wadda ya gano: kesin, wato akwatin kwamfutar, mai gilashi, fankoki uku masu fitila ja da shuɗiya. Ya ce, "Baffa, i7 ce fa, kuma mai shagon ya ce don ni ne ya rage." Na ce to madalla, i7 mai wace lamba? Ya yi shiru. Da ya buga wa mai shagon waya aka ce i7-3770.

Nan ne ake yi wa yaranmu wayo. Kalmar i7 sunan wani jerin furosesa ne na kamfanin Intel, wato ɗan guntun da ke sarrafa duk aikin kwamfuta, kuma ita kaɗai kamar a ce maka "Toyota ce", ba a faɗa maka ƙirar wace shekara ba. Lambar farko bayan ɗan layin nan, ko biyun farko idan lambobin biyar ne, ita ke nuna zubi, wato ƙirar wane zamani ce. 3770 zubi na 3 ne, na shekarar 2012, da tsohon ram DDR3 yake aiki (ram shi ne wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi). Shi kuwa i3-12100, wanda yaro zai raina saboda an ce i3, zubi na 12 ne na 2022. Dukansu ƙwaƙwalwa huɗu gare su, wato sassan aiki huɗu a cikin furosesar, amma i3 ɗin ya yi wa wancan dattijon fintinkau a gudu, bai kuma kai shi shan wuta ba. Ga wata matsalar: tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, shi kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na Intel yake farawa, ko Ryzen 2000 na AMD. Na san masu gyara suna da dabarar cusa shi a tsohon inji, ni ma na taɓa yi. Amma wanda zai zuba kuɗin masarar ubansa bai kamata ya fara da dabara ba.

Na zaunar da shi na ce ya ajiye hoton, ya faɗa mini aikin da zai yi. Zanen kati, gyaran hoton biki, buga takarda, cike fom a intanet. Babu wasan bidiyo mai nauyi, babu haɗa fim. Saboda haka katin hoto na daban, wato allon da ke sarrafa abin da ke fitowa a monita, ya fita daga lissafi, shi ne kuwa mai cinye kaso mafi tsoka. Tsohon katin hoto RX 580 da ake ta tallarsa shi kaɗai yana iya jan wat 185, kuma da yawansu sun sha wahala a hannun masu haƙar kirifto kafin su iso mu. Muka ɗauki furosesar AMD Ryzen 5 5600G, mai ƙwaƙwalwa shida da wat 65, wanda sashen hotonsa yana cikinsa. A kula da harafin ƙarshe: G a AMD na nufin akwai hoto a ciki, F a Intel na nufin babu. Na ga wanda ya sayi i3-12100F don ya fi araha, ya haɗa komai, ya soka wayar monita a bayan bod, wato babban allon da komai ke hawa kansa, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Kwana biyu yana zargin monita.

Shi bod, gurbin da furosesa ke zama a kansa ake fara dubawa. Ryzen ɗin nan gurbin AM4 yake shiga, zubi na 12 na Intel kuma LGA1700, ba a musanya su. Mun ɗauki bod A520 saboda aljihu. Mai sayen bod B450 ya tabbatar an sabunta masa BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke jikin bod ɗin, in ba haka ba zai iya ƙin gane furosesar. Ni dai ƙa'idata ita ce a haɗa a gabana a shago, a kunna, in ga hoto, sannan in ƙirga kuɗi.

Ram mun sa 8GB guda biyu maimakon 16GB guda ɗaya. Yaron ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne: guda biyu hanya biyu suke buɗewa, kuma furosesa mai hoto a ciki daga ram take aron wurin aikinta, don haka bambancin a bayyane yake. Ma'ajiya kuwa SSD mai 512GB, irin siririn nan na NVMe da ke kwanciya a jikin bod. Tsohon hadis, wato ma'ajiya mai faifai (hard disk), da ƙyar yake wuce megabait 150 a daƙiƙa, SSD na SATA yana kai 500, na NVMe ya ninka haka sau da dama. Na ba shi tsohon hadis ɗina mai 1TB ya riƙa zuba hotunan biki, amma Windows a kan SSD take.

Sai abin da ya fi damuna, wanda kuma ba na jin ana maganarsa: fawa-fak, akwatin da ke karɓar wutar bango ya rarraba wa kayan ciki. Kowa a nan yake rage kuɗi, don ba a ganinsa kuma ba ya ƙara gudu. Ni ma haka na yi a 2019. Na sayi kesin da ya zo da nasa a ciki, an liƙa masa takarda mai cewa wat 650. Da na ɗaga shi a hannu, gwangwanin madara ya fi shi nauyi, amma na ce ai kyauta ce. Wata bakwai ya yi. Ranar wata Alhamis da la'asar, ina tsakiyar buga furojet ɗin wata ɗaliba mai shafi 94 da za ta miƙa Litinin, aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi. Na ji "ɗas", sai warin ƙonanniyar roba ya cika shagon. Da na kwance shi na tarar da kafasita biyu sun kumbura sun fashe, wata baƙar miya ta malalo a kan allon, wayoyin ciki kuwa sirara kamar na cajar waya. Bai tafi shi kaɗai ba, ya tafi da bod da hadis. Kwana uku ni da yarona muna sake buga aikin daga takardunta na hannu, ita kuma tana zaune a benci ba ta ce mini uffan ba. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Da na koma wurin wanda ya sayar mini, cewa ya yi wuta ce, shi ba ruwansa. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Tun daga ranar ba na sayen fawa-fak sai na sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus, wadda ke nufin aƙalla kashi 80 na wutar da ya ja yana isa ga kayan, ba ya tashi a zafi. Na yaron wat 450 ne, ya ishe shi har da rara, domin injin gaba ɗaya da monita da wuya ya haura wat 150. Wannan lissafi ba ƙarami ba ne ga mai aiki da inbata ko ƙaramin janareta, balle wanda ke layin Band A, da aka kai kuɗin wutarsu naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Kuɗin da za a zuba wa gilashi da fitilu muka ƙara muka sayi UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta. Kesin ɗin da muka ɗauka baƙi ne mara ado, mai raga a gaba da fanka ɗaya a baya. A garin da zafin Afrilu ke taɓa digiri 40, akwatin da aka toshe gabansa da gilashi tanda ce kawai.

Ba na kushe tokumbo. Wanda kuɗinsa bai kai haɗa sabuwa ba, ya nemi Dell OptiPlex ko HP ProDesk da ofisoshin Turai suka sallama, mai i5-8500, ya ƙara ram ya sa SSD, za ta yi masa aiki shekaru. Sai dai ya sani da yawansu fawa-fak ɗinsu da filoginsa na kamfanin ne kaɗai, ranar da ya mutu na kasuwa ba zai shiga ba. Ya kuma tafi da filashi mai manhajojin CPU-Z da CrystalDiskInfo, duka kyauta ne. Na farko zai faɗa masa ainihin furosesar da ke ciki ko da sitika ta ce wani abu daban, na biyu zai nuna awa nawa ma'ajiyar ta yi tana aiki. Mai shagon da ya hana ka soka filashi, ka yi masa sallama.

Yaron dai ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure, wai kwamfutarsa kamar akwatin kakarsa. Yanzu wata huɗu ke nan, katin biki yake zanawa ba dare ba rana. Da kuɗin aikinsa na farko ya sayo zaren fitila mai launi ya liƙa a bayan tebur, ban ce masa komai ba, tunda ba a jikin fawa-fak ya jona ba.

Roƙona gare ka, Edita, duk mai kawo tallar kwamfuta a shafukanka a ce masa ya rubuta cikakkiyar lambar furosesa, da girman ram, da irin ma'ajiyar, kafin a karɓi tallar.

Na gode.

Mai shagon buga takardu,
Zariya, Jihar Kaduna