Ciwon Diddige: A Daina Maimaita Allura A Kemis

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja kunnen 'yan'uwana masu sana'ar tsayuwa, masu shayi irina, masu aski da malaman makaranta, kan ciwon diddigen nan da yake kama mutum da asuba. Ka sauko daga gado za ka yi alwala, takun farko kamar ka taka ƙusa, sai ka ɗan zazzaga ya lafa.

Na sha diclofenac har cikina ya fara zafi. Aka yi mini allurar steroid mai kwantar da kumburi a diddigen a wani kemis, na samu sauƙi na 'yan makonni, ciwon ya dawo. Wani ya ce sakiya, wani ya ce ƙaho. Sai da na dangana da sashen gashin ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala aka fahimtar da ni cewa wata jijiya ce mai kauri da ta taso daga diddige zuwa gindin yatsu ta gaji da ja. Ɗan tsinin ƙashin da ake gani a hoto, wanda ya tsorata ni, sau da yawa ba shi ne mai laifin ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batun allurar. Maimaita ta na iya tsinka jijiyar, ko ya zaizaye kitsen da ke kare diddige. Ƙwayoyin rage ciwo irin su diclofenac kuma suna taɓa ƙoda da ciki.

An koya mini miƙe sha-raɓa da agara ina dafe da bango, da janyo yatsu sama da tawul kafin in taka ƙasa da safe. Na jefar da silifas ɗin roba, na sayi takalmi mai taushin dunduniya, na ajiye benci a bayan teburin shayi. Wata da watanni aka ɗauka, amma yanzu ina zuwa masallaci ba ɗingishi.

Wanda ya yi duk wannan bai ji dama ba, ya koma asibiti a sake bincike, don tsagewar ƙashi ko matsewar jijiya ma suna kawo haka, mai ciwon sikari kuwa kada ya kuskura ya bari a yi masa sakiya. Cikin sauran hanyoyin magani akwai takalmin da ake kwana da shi don ya miƙe jijiyar, akwai na'urar shockwave mai bugun diddigen da igiyoyin sauti. Tiyata ce ta ƙarshe.

Ina roƙon ma'aikatun lafiya na jihohinmu su kai likitocin gashin ƙashi manyan asibitocin ƙananan hukumomi, domin mutumin ƙauye ba shi da kuɗin motar zarya zuwa Kano.

Wani mai shayi,
Kurna, Kano