Godiya ga sashen da ya fasa min tsakuwar ƙoda

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Cututtukan Ƙoda da Mafitsara, da likitoci da malaman jinya da masu sarrafa na'ura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in yi muku godiya a bainar jama'a ne saboda yabon gwani ya zama dole, kuma na san akwai masu fama da tsakuwa da suke daurewa a gida don tsoron wuƙar likita, ba su da labarin ana iya fasa ta ba tare da an yanka ko'ina ba.

Godiyata ta farko ga likitan da ya zaunar da ni gaban hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka. Ya nuna min tsakuwar a ƙodar hagu, ya auna ta a kan idona, sannan ya bayyana min yadda aikin yake: na'ura ce ke samar da bugun sauti mai ƙarfi daga waje, a saita shi ya taru a wuri ɗaya. Bugun yana ratsa fata da tsoka, domin yawancinsu ruwa ne, sai ya iske abu mai tauri ya tsattsaga shi har ya koma rairayi ya fita da fitsari. Bai tsaya a nan ba. Ya ce aikin ya fi dacewa da tsakuwar da ba ta wuce santimita 2 ba, kuma akwai masu tsananin tauri, irin ta sinadarin sistin, da bugun ba ya cika yi musu komai. Idan tsakuwa tana can ƙasan ƙoda, ko an fasa ta ɓarɓashin yakan ƙi fita. Idan mutum yana da ƙiba sosai, bugun yakan rage ƙarfi kafin ya isa. Irin waɗannan, in ji shi, gara a bi ta bututun fitsari da siririyar kyamara a fasa da hasken leza, ko a huda ƙaramar kafa ta baya. Ya kuma faɗa min ƙarara cewa wataƙila sai an maimaita. Likitan da zai lissafa maka inda na'urarsa take gazawa kafin ka hau gadonsa, ni dai shi nake yarda da shi.

Kafin ranar an gwada fitsarina don kada a yi aiki a kan ƙwayoyin cuta, an tambaye ni ko ina shan maganin tsinka jini. Mata kuma sai an tabbatar ba su da juna biyu.

A ɗakin aikin, malamar jinya ta yi min allurar rage zafi, aka shafa min wani mai mai sanyi a kwiɓi, aka jingina min matashi mai ruwa a ciki. Sai ƙara ta fara, tas, tas, kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Da ƙaramin ƙarfi aka fara, ana ƙarawa sannu sannu. Zafin kamar a ja roba a sake ta a bayanka, amma sau dubbai. Wanda ya fi burge ni shi ne mai sarrafa na'urar. Ƙoda tana motsi da numfashi, saboda haka idonsa bai bar allon ba, da ya ga tsakuwar ta goce sai ya tsayar ya sake saiti, yana cewa, "Yallaɓai, a hankali, kada ka ja dogon numfashi." Wajen awa ɗaya aka gama, ran nan na kwana gida. A 1980 da aka fara wannan aiki a birnin Munich na Jamus da na'urar kamfanin Dornier, cikin bahon ruwa ake tsoma majinyaci. Mun samu sauƙi.

Jinin da na gani a fitsari da tabon da ya fito a kwiɓi ba su firgita ni ba, don kun riga kun gaya min. Da ɓarɓashi ya tashi fita na ji a jikina ƙwarai, har na buga lambar da kuka ba ni cikin dare. An ɗauka. Malamin jinyan ya tambaye ni ko akwai zazzaɓi, ko amai, ko fitsari ya tsaya, ya ce ko ɗaya daga ciki ya bayyana in taho nan take, domin ɓarɓashi yakan yi jerin gwano ya toshe bututu. Allah Ya kiyaye, ba a kai nan ba.

Ɓarɓashin da na tace na kawo muku kun gwada, ya zama irin mai sinadarin kalsiyam, wanda shi ya fi yawa. Kun ja min kunne cewa kusan rabin waɗanda suka yi tsakuwa tana dawo musu cikin shekara 10, kuka ce in sha ruwan da zai sa fitsarina ya kai lita 2 da rabi a rana, in rage gishiri. Ina bi.

Roƙona ɗaya: layin jiran na'urar yana da tsawo, mai tsakuwa kuwa jira azaba ne gare shi. Idan da hali a ƙara ranakun aiki. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

Naku,
Ɗaya daga cikin majinyatanku