Rahoton Ayyukan Shekara Kan Tallafa wa Ɗaliban Harhaɗa Magunguna a Kano

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, yayye da ƙanne. Kwamiti ya ɗora mini, a matsayina na magatakarda, in kawo muku bayanin abin da muka gudanar a wannan shekara. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta muku nasa daban.

Galibin dattawanmu a Zariya suka yi karatu, digirin shekara 5. Yaran da muke tallafa wa yanzu, musamman na Jami'ar Bayero, shekara 6 suke yi, kuma ƙarin da aka yi ya fi karkata ga zama kusa da gadon majinyaci. Bayan nan ga horon shekara guda, ga jarrabawar rajista ta PCN, hukumar da ke kula da sana'ar harhaɗa magunguna, wadda aka sabunta dokarta a 2022, sannan bautar ƙasa. Tafiyar da nisa, shi ya sa bana muka taƙaita kan wuraren da muka ga ɗalibai sun fi tuntuɓe.

Na farko shi ne lissafin awon magani. Mun riƙa zama duk Asabar da hantsi tare da 'yan aji biyu da aji uku, ban da watan azumi da makonnin jarrabawa. Ga irin tambayar da muke farawa da ita: yaro mai nauyin kilo 10 za a ba shi farasitamol, miligiram 15 kan kowane kilo, kwalbar kuma tana da miligiram 125 a kowane mililita 5. Amsa mililita 6. A zaman farko an samu wanda ya rubuta 60, ya miƙo takarda yana murmushi. Ba mu yi masa dariya ba. Mun sa shi ya auna mililita 60 na ruwa a kofi, ya ɗaga kowa ya gani, aka tambaye shi ko zai ɗura wa ƙanensa wannan. Tun daga ranar muka mayar da shi doka: duk amsar da aka fitar a takarda, sai an aune ta da hannu.

Aikin da ya fi cin lokacinmu, kuma a ganina ya fi kowanne amfani, shi ne koyar da yi wa majinyaci bayani da Hausa. Ɗalibi zai zayyano maka yadda magani ke shiga jini, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar, duk da Turanci tiryan-tiryan. Amma ka zaunar da wata hajiya a gabansa, sai ka ji ya ce "sau uku a rana" ya yi shiru. Ita kuwa abin da ta ji shi ne bayan koko, bayan abincin rana, bayan tuwon dare. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sha sau uku a rana tazarar awa 8 yake so, don haka muka koya musu su ɗaure shi da abin da mutum ba ya mantawa: bayan asuba, da azahar, sai wajen ƙarfe 10 na dare. Haka batun cokali. Cokalin shayi a littafi mililita 5 ne, a gida kuwa kowane cokali cokali ne, har na cin shinkafa. Sai a nuna wa uwa murfin awo, a sa mata alama a kan layin.

Mun daɗe a kan maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu, wanda ake sha sau 6 cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma tare da madara ko abinci mai maiƙo don jiki ya karɓe shi sosai. Mutanenmu da zarar jiki ya yi sanyi a rana ta biyu sai a ajiye sauran don gaba. Akwai kuma kalmomin da ba a koyarwa a lakca. Wanda ya ce yana da "basir" ko "sanyi" ko "shawara" bai faɗa maka cutarsa ba tukuna, sai ka yi ta tambaya. Wasu iyayenmu mata a ƙungiya su suka riƙa fitowa a matsayin majinyata, kuma wallahi ba su raga wa yaran ba. Allah ya saka musu da alheri.

Don darasin magungunan da ake samu daga tsirrai mun kai ɗalibai kasuwar Kurmi. Sun ga sabara da marke da ɓawon maɗaci da bagaruwa a hannun masu sayarwa, abubuwan da suka haddace da sunayen Latin ba tare da sun san su ne ba. A nan muka tuna musu cewa maganin sikila na Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta samar, har da kanumfari da masoro a cikin haɗinsa. Mun kuma je cibiyar sarin magunguna ta Dangwauro, inda aka mayar da 'yan kasuwar magani na Sabon Gari a 2024. Sun duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali, sun ga yadda ake ajiye insulin, allurar ciwon suga, a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8, abin da ba wasa ba ne a zafin Afrilu na Kano.

Ranar 25 ga Satumba, ranar masu harhaɗa magunguna ta duniya, 'yan aji biyar da shida sun yi awon hawan jini da na suga kyauta ƙarƙashin kulawar manya, sun kuma tattauna da matasa kan tiramol, da kuma kan maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta a 2018.

Abin da bai yiwu ba ma sai a faɗa. Alkawarin da muka yi na sayen littattafai bai cika ba, saboda da yawa cikinmu ba su biya kuɗin wata-wata ba, ciki har da 'yan kwamiti. Ɗakin da aka ara mana an karɓe shi tsakiyar shekara ba tare da sanarwa ba, muka yi makonni muna zama a barandar wani ɗan uwa. Darasin dokokin sana'a kuma ko sau ɗaya ba mu taɓa shi ba, don wanda ya ɗauki nauyinsa an yi masa canjin wurin aiki.

A shekara mai zuwa kwamiti yana so a tattara kalmomin da muka ci karo da su a buga ƙaramin kundi na bayanin magani da Hausa. Muna neman mutum biyu masu aiki a asibiti da za su karɓi darasin dokoki. Mai sha'awa ya ba ni sunansa kafin a tashi daga taron shekara.

Wassalam,
Magatakarda