Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Kula Da Wuraren Shaƙatawa: A Buɗe Mana Bakin Tafki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan shingen waya da hukumarku ta kewaye bakin tafki da shi, da allon nan mai jan rubutu da aka kafa: "An hana kusantar ruwa." Na san tsoro ne ya sa, tsoron kada wani ya nutse, kuma ban raina wannan tsoro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 kaɗai ruwa ya ci mutum kusan 300,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ni ma uba ne.

Amma ku ji abin da na gani ranar Asabar da yamma. 'Yata ta saƙala yatsunta a wayar tana leƙen wani zalɓe da ya tsaya da ƙafa ɗaya a gefen ruwa, tana tambayata ko barci yake yi. Ina cikin ba ta amsa sai na hango yara uku can ƙarshen lambun, inda babu mai gadi, suna rarrafawa ta wani rami da aka haƙa a ƙarƙashin shingen. Wajen nan gaɓar a tsaye take kamar bango, taku ɗaya ruwa ya shanye mutum. A da, yaran nan a gabanmu suke wasa, a wajen rairayi inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Shingen bai raba su da ruwa ba, Ranka ya daɗe. Ya dai raba su da idon manya.

Mutum ba ya zuwa bakin tafki don kujerar siminti da lilo. Ruwan ne ke kawo shi. Akwai masu zagaya tafkin da ƙafa da sassafe, wasu likita ne ya ce su motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga. Akwai dattijon da kan zauna da fatsarsa tun hantsi, ko ya kama kifi ko bai kama ba, ya tashi yana murmushi. Akwai matasa masu tuƙa kwale-kwale, da iyalai masu shimfiɗa a inuwa, da masu kallon tsuntsaye, waɗanda na daɗe ina yi wa dariya sai da wani ya ba ni aron madubinsa na hangen nesa na ga agwagin ruwa suna sauka garke guda. Yanzu duk an mayar da su 'yan kallo ta bayan waya.

Abin da hukumar lafiyar nan ta ba da shawara a kai ga yaran da suka isa makaranta shi ne a koya musu iyo da dabarun tsira, a kuma horar da mutanen gari yadda za su ceci wanda ruwa ya ja ba tare da sun bi shi ba. Don haka roƙona, a mayar da wajen rairayin nan wurin iyo, a ja igiya mai tulluna ta nuna iyakar zurfi, a sa masu ceto da suka ƙware, a rufe idan sun tashi. Duk wanda zai hau kwale-kwale a ba shi rigar kariya daidai jikinsa, ba wadda za ta zame wa yaro ta kai ba. Shingen kuma a kai shi inda ya dace, wato gaɓar nan mai zurfi.

Sai maganar ruwan kansa, wadda ta fi damuna. Ya fara yin kore, kainuwa na cin gefensa. Takin zamani da ruwan lambatu ne ke jawo haka: idan suka kwarara cikin tafki, gansakuka ta samu abinci ta yi yawa, ta mutu ta ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar da kifi ke shaƙa, sai a wayi gari kifaye na yawo ciki sama. Kafin a buɗe wa yara, a gwada ruwan, musamman saboda tsargiya, wadda ƙwayarta ke girma a jikin katantanwar ruwa ta shiga mutum ta fata. A riƙa manna sakamakon a ƙofa kowa ya karanta.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa a ruwa. Ina fatan kafin ranar ta zagayo ku zo da kanku, ba da ayarin motoci ba, da yammacin Asabar. Zan nuna muku ramin.

Naku,
Wani uba mai kai 'ya'yansa bakin tafki