Wasiƙa Ga 'Yata Kan Muhawarar Janye Sojoji Daga Afghanistan

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Saƙonki ya iso, na kuma ji cewa ke za ki jagoranci shirin muhawara a gidan rediyonku kan ko Amurka ta yi daidai da ta kwashe sojojinta daga Afghanistan. Allah Ya dafa miki. Kin nemi shawarata, to ga ta, ki karanta a natse kafin ki gayyaci kowa.

Baƙinki za su zo a rabe gida biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi. Masu cewa gara da aka fita za su tuna miki cewa tun watan Oktoban 2001 aka shiga wannan yaƙi, sojojin Amurka sama da 2,400 sun mutu, kuma akwai lokacin da yawansu a ƙasar ya kai 100,000 amma ba su murƙushe Taliban ba. Me ƙarin shekara ɗaya zai yi wanda shekara ashirin ba ta yi ba? Masu cewa da an zauna kuwa za su ce a watan Janairun 2021 sojoji 2,500 kacal suka rage, kuma Janar Mark Milley da Janar Kenneth McKenzie, manyan hafsoshin sojan Amurka, sun shaida wa majalisar dattawan ƙasarsu a watan Satumba na shekarar cewa ra'ayinsu shi ne a bar wannan adadi. Za su kawo miki misalin Iraƙi, inda aka fita a ƙarshen 2011, sai ga Mosul ta faɗa hannun 'yan IS a watan Yunin 2014. Idan mai wannan ra'ayi ya gama, ki tambaye shi abu ɗaya: shirun da sojojin 2,500 suka samu, daga ina ya zo? Taliban ta daina kai musu hari ne saboda an riga an sa ranar tafiya. Da an saɓa ranar, da wuta ta dawo, kuma da sai an ƙaro sojoji. Gaba kura ce, baya sayaki, kuma duk wanda ya ce miki zaɓin mai sauƙi ne, bai duba lamarin da kyau ba.

Amma kada ki bari awa guda ta ƙare a kan "a zauna" da "a tafi". Inda mai sauraro zai ƙaru shi ne yadda aka tafi ɗin. Kwashe runduna daga fagen yaƙi aiki ne mai tsari, kowane mataki yana rataye da ɗan'uwansa, kuma a Afghanistan an ga abin da ke faruwa idan aka saka na baya a gaba.

Ki fara da yarjejeniyar Doha ta ranar 29 ga Fabrairun 2020, wadda Zalmay Khalilzad ya sa wa hannu a madadin gwamnatin Trump, Mulla Abdul Ghani Baradar kuma a madadin Taliban. Amurka ta yi alkawarin rage sojojinta zuwa 8,600 cikin kwana 135, sannan ta fita gaba ɗaya cikin wata 14. An kuma amince a saki fursunonin Taliban har 5,000. Gwamnatin Kabul, wadda fursunonin ke hannunta, ba ta cikin masu sa hannu. An yi mata aski ne a bayan idonta. Ki lura da bambancin alkawuran biyu: na Amurka yana da rana da lamba, kowa na iya ƙirgawa, na Taliban kuwa, wato hana 'yan ta'adda amfani da ƙasar da kuma zama teburin sulhu, ba shi da ma'aunin da za a ce ga ranar da aka cika ko aka saɓa. Da Biden ya hau, a ranar 14 ga Afrilun 2021 ya ɗage wa'adin zuwa Satumba, daga baya aka tsayar da 31 ga Agusta. Saboda haka idan wani baƙo ya so ya ɗora laifin kacokan a kan shugaba ɗaya, ki tuna masa cewa ɗaya ne ya ƙulla, ɗaya kuma ya zartar.

Sa rana a bainar jama'a yana da illar da ba a cika faɗa ba. Ki kwatanta a ranki ƙaramin sojan Afghanistan a shingen bincike a kan wani tsauni. Wata uku bai ga albashi ba, harsashi ya kusa ƙarewa, abinci sai jirgi ya kawo. Sai dattawan ƙauyen da ke ƙasa su hawo da saƙon Taliban: baƙin nan tafiya za su yi, ku ajiye bindiga ku koma gida, ba wanda zai taɓa ku. Haka gundumomi da yawa suka faɗi, ta hanyar ciniki da lallashi, ba tare da an gwabza ba. Shi ya sa daga faɗuwar Zaranj, babban birnin lardi na farko, ranar 6 ga Agusta, zuwa shiga Kabul ranar 15 ga wata, kwana tara ne kawai. Kuma sojoji da 'yan sandan Afghanistan 300,000 da ake ta ambata, a takarda suke. Da yawa sojojin bogi ne, irin ma'aikatan bogin da kika sani, suna a jerin masu karɓar albashi, kwamanda na zuba kuɗin a aljihu.

Wurin da nake so ki fi daɗewa shi ne batun jiragen sama, domin nan ne asirin yake. An gina rundunar Afghanistan a kan tsarin ta Amurka: sansanoni barkatai a wurare masu nisa, waɗanda jirage masu saukar ungulu ke kai wa abinci da harsashi, su kwaso masu rauni, jiragen yaƙi kuma su kawo ɗauki idan an kewaye su. Jirgi mai saukar ungulu ba kamar mota yake ba. Bayan wasu sa'o'i na tashi dole a sauke shi a duba inji da fukafukai, a canza abin da ya ci. Mafi yawan wannan aiki, musamman a jiragen Black Hawk, 'yan kwangila ne na ƙasashen waje ke yi, su kuma sun tafi tare da sojoji saboda ba mai tsaronsu. Aka koma ana nuna wa makanikan Afghanistan gyara ta bidiyo daga wata ƙasa. Jirage suka riƙa zama a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Ki gwada wannan da fitar Tarayyar Sobiyet daga Afghanistan, wadda ta kammala ranar 15 ga Fabrairun 1989. Gwamnatin Najibullah, wadda Sobiyet ta bari a Kabul, ta ci gaba da tsayuwa har watan Afrilun 1992, domin Mosko ba ta daina aiko da mai da makamai da kuɗi ba. Da tallafin ya yanke bayan rushewar Sobiyet, 'yan watanni kaɗan ta ƙara. Tambayar da za ki yi wa kowane baƙo ke nan: idan sojan waje ya tafi, wa zai biya albashi, wa zai kawo mai, wa zai gyara jirgi?

Sai batun wa ya kamata ya fara fita. A hankalce farar hula ne a gaba, sannan kaya masu nauyi, sojan da ke gadin ƙofa shi ne na ƙarshe. A Afghanistan an juya abin. A farkon Yulin 2021 aka bar Bagram cikin dare, babban sansanin Amurka da ke arewa da Kabul, mai titin jirgi biyu da katafaren shinge, alhali ma'aikatan ofishin jakadanci da dubban 'yan ƙasar da suka yi wa Amurka aiki suna nan. Masu kare matakin suna cewa riƙe Bagram yana bukatar sojojin da suka fi waɗanda aka yarda a bari, kuma wannan gaskiya ne, ki ba su damar faɗa. Sai dai sakamakon shi ne kowa ya dogara da filin jirgin Kabul mai titi ɗaya tak a tsakiyar gari, har sai da aka mayar da sojoji kusan 6,000 don kwashe mutane. Tafintoci da direbobi da masu gadi kimanin 18,000 ne ke jiran bizar da aka yi musu alkawari, takardunsu na kwance tun shekaru. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a ranar aka zo fafewa. An kwashe mutum sama da 120,000 cikin kusan mako biyu, aiki ne babba, amma ranar 26 ga Agusta ɗan ƙunar baƙin wake na IS reshen Khorasan ya tashi bam a cikin cunkoson ƙofar Abbey ta filin jirgin, ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan Afghanistan kimanin 170. Kwana uku bayan haka jirgi marar matuƙi na Amurka ya kashe farar hula 10 a Kabul, 7 daga ciki yara, kuma ma'aikatar tsaron ƙasar ta amsa cewa kuskure ne. Ina roƙonki, 'yata, duk lokacin da aka ambaci 13 ɗin nan a shirinki, ki ambaci sauran. Su ma 'ya'yan wasu ne.

Ki yi hattara da lambobi. Za ki ji ana cewa an bar wa Taliban makaman dala biliyan 85. Wannan adadi ya fi kusa da jimillar abin da aka kashe wa jami'an tsaron Afghanistan cikin shekara ashirin, har da albashi da horo da mai. Ƙiyasin ma'aikatar tsaron Amurka na kayan da suka rage shi ne kimanin dala biliyan 7. Ki gyara wa baƙo cikin ladabi, amma ki gyara.

Masu kiran waya ba za su bar ki ba sai sun kawo maganar Nijar, kuma suna da gaskiya, abin ya shafe mu. Ki nuna musu bambancin: a Nijar mai masauki ne ya ce baƙo ya tattara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin Faransa kimanin 1,500 sun gama fita a watan Disamba, kayansu masu nauyi suka bi hanyar mota zuwa Chadi. Amurka mai sojoji kimanin 1,000 ta zauna da mahukuntan Yamai aka tsara jadawali, ta bar sansanin Yamai a watan Yulin 2024, na Agadas a watan Agusta, aka kammala a Satumba ba tare da tashin hankali ba. A Mali kuwa, ayarin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya da ya baro Kidal zuwa Gao a ƙarshen 2023 ya yi ta taka nakiyoyin da aka binne a hanya, sojoji da dama suka jikkata. Ki tambayi baƙinki me ya tafi tare da jirage marasa matuƙan da ke tashi daga Agadas, wato leƙen asiri daga sama a kan hamada da iyakoki, kuma wa ke yin wannan aiki yanzu. Mai goyon bayan korar baƙi da mai adawa da ita, duka biyun su amsa.

Ki nemi baƙo ɗaya aƙalla da ya san harkar jigilar kayan soja, ko da tsohon hafsa ne mai ritaya, kada duka su zama 'yan siyasa. Ki rubuta ranakun nan a takarda ɗaya ki ajiye a gabanki, kuma ki raba musu lokaci daidai, wanda ya fi ɗaga murya kada ya cinye na ɗan'uwansa.

Ki sanar da mu rana da lokacin da za a watsa shirin, za mu kama tashar. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki shafa min kan yara.

Mahaifinki.