Wasiƙa daga Sharaɗa: abin da ke faruwa a cikin injin roba

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin can? Mu nan zafi ne, sai godiya.

Ka tambaye ni abin da ke sa bokitin tsohuwar roba saurin tsagewa. Ai kuwa ka tambayi ɗan gida. Injin da nake kula da shi kamar na taliya yake: dogon bututu mai zafi, sukurori biyu na juyawa a ciki suna murza roba har ta narke, su turo ta ta ƙananan huda zare-zare, ta bi ta ruwa ta huce, a yayyanka ta tsaba-tsaba. Minti ɗaya ko biyu take yi a ciki, amma a ɗan lokacin nan ake yin ta ko a ɓata ta.

Kayan da 'yan bola jari ke kawowa ba jinsi ɗaya ba ne. Ledar fiya wata foliyetilin ce. Buhun shinkafa folifurofilin ne, sai wajen digiri 165 yake narkewa, gorar ruwa kuwa PET ce, sai an kai 250. Ko sun narke tare ba sa jituwa, ɗaya kan tsaya ɗigo-ɗigo a cikin ɗaya, kuma ta wannan iyakar bokiti ke tsagewa. Shi ya sa ake zuba mai shiga tsakani. Idan nailan za a gauraya da folifurofilin, sai a kawo folifurofilin da aka liƙa wa sinadarin malayik anhaidiraid. Ƙwayoyin roba dogayen sarƙoƙi ne da ido ba ya gani. Shi wannan sinadari ke kama bakin sarƙar nailan tun a cikin bututu, ya ɗinke su.

Wani sinadari da ake zubawa a roba, feroksayid, shi ne ya kunyata ni makon jiya. A foliyetilin ƙulla sarƙoƙi yake yi, roba ta ƙara kauri, a folifurofilin kuwa datse su yake. Na zuba shi da zaton leda ce zalla, ashe buhuna sun fi yawa. Wallahi sai ga roba tana tsiyayowa kamar koko, zaren na tsinkewa tun kafin ya taɓa ruwa. Oga bai ce min uffan ba, kallona kawai ya yi, da ma faɗa ya yi da ya fi min sauƙi. Ita kuma PET, laima ce ajalinta: a narka ta ba a busar ba, ta fito da gautsi.

In ka zo da sallah zan shiga da kai ka gani da idonka. A gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
Amininka na Kano